Fiɗar Kadidiya

Da hantsi Lalla ta dire ƙwaryar nono ta uku a gaban 'yarta, ta ce ta shanye. Kadidiya ta dubi ƙwaryar, ta kau da kai. Tana zaune ne a tsakar gidan aurenta a Tawa, bayanta jingine da bango, don rabonta da kwanciya a miƙe ya fi shekara. In ta kwanta numfashi ƙwace mata yake yi.

"Inna, wallahi babu wuri."

Lalla ba ta yi wata-wata ba, ta kama naman cinyarta ta murɗe har hawaye ya zubo. Murɗar nan Kadidiya ta san ta tun tana 'yar shekara bakwai a zangonsu na arewacin Tebaram. A wurin danginta, makiyaya masu Tamashek, da yarinya ta fara famfara sai a soma yi mata ɗura da nono da gero, safe da yamma. In ta ƙi, a matse mata yatsun ƙafa tsakanin sanduna biyu, in ta yi amai a sake cika ƙwarya. Ƙiba ita ce kyau, ita ce shaidar gidan ubanki akwai dabbobi. Kada mu zalunci Lalla dai, ita ma haka aka yi mata, kuma har ga Allah so ne a ganinta.

Mijin Kadidiya, Tukur, malamin asibiti ne, ɗan Tawa. Shekarar da aka samu mulkin kai ya je zangonsu yin lambar agana, ya tsaga mata dantse, ta zage shi da Tamashek, shi kuwa gogan naka ya yi ta dariya. Wata takwas bayan nan aka ɗaura musu aure, kowa na son kowa. Shekara shida ke nan, kuma duk damina sai Lalla ta zo ta yi wata guda, wai tana gyara 'yarta kada a ce ta lalace a hannun mutanen gari. Gyaran ne ya kai Kadidiya inda ba ta tashi sai an ja ta. Teɓar cikinta ta sauko har gwiwa, ƙarƙashinta duk gyambo, cibiya ta kumbura kamar ɗan tulu. Tukur ke wanke mata gyambon kullum kafin ya fita aiki, bai taɓa yatsine fuska ba.

Ana cikin murɗar nan ya shigo. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma suruka ce, ba ya iya haɗa ido da ita balle doguwar magana. Sai ya tsuguna ya fuskanci bango, ya yi magana kamar da bangon yake.

"A ba Inna haƙuri da nonon nan. Lokotoro ya ce nan da wata biyu za a yi ma Kadidiya fiɗa."

Ya miƙe ya fice da sauri saboda kunya. Da ya sani da ya tsaya.

Abin da bai tsaya ya bayyana ba shi ne, lokotoron, wato babban likitan asibitinsu, ya riga ya zaunar da shi da Kadidiya ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce a ƙasashen waje akwai masu gwada rage tsawon hanji don abinci ya daina kama jiki, amma shi ba zai yi ba, domin wasu na ƙarewa da zawo marar yankewa da ciwon hanta. Abin da zai iya shi ne ya cire teɓar da ta sauko, ya mai da hanjin da ya leƙo ta cibiya, ya ɗinke, daga nan kuma ta rage ci har iyakar rayuwarta. In aka bar cibiyar ta murɗe, kwana biyu ba za ta ƙara ba. Tukur ya juyo ya tambaye ta abin da take so, ita da bakinta ta ce a yi.

Kadidiya ta yi ƙoƙarin fassara wa uwarta, amma da Lalla ta ji wuƙa da ciki sai ta toshe kunne, ta ɗaure kayanta ta bi kamyon, babbar motar kaya, da ke zuwa arewa. Hausarta ba ta wuce ta sayen gishiri ba, kalma ɗaya ta riƙe, ita ta kai wa babban ɗanta Rissa. Shi kuwa a kasuwar dabbobi ya koyi tasa Hausar, a bakin mahauta. Fiɗa a wurinsa abu ɗaya ce: a rataye akuya, a tsaga, a saɓule fata. Ga kuma jita-jitar da ke yawo a daji wai Nasara na sayen kitsen mutum su yi magani.

Ranar Lahadi da azahar, gari ya watse kasuwa, Tukur na durƙushe yana yanke wa matarsa farcen ƙafa, sai aka banko ƙyaure. Rissa ne, amawali ya rufe fuska, ido jawur, takobi a hannu. Babu sallama.

"Kai ne ka ce a yi ma ƙanwata fiɗa?"

Tukur, bawan Allah, ya miƙe da fara'a yana miƙa hannu. "Ni ne, Yaya. Ai har mun sa rana."

Takobin ya sauka a hannun da ya miƙa. Jini ya yi tsartuwa har fuskar Kadidiya. Tukur ya faɗi, Rissa ya tattake shi a haƙarƙari, ya sa ƙotar takobi ya fasa masa baki. Kadidiya na ihu da Tamashek tana cewa ba haka ba ne, amma wa ke jin ta? Ta dafa ƙasa za ta tashi, jiki ya ƙi. Ta sake yunƙurawa, ya ƙi. Taku uku ne tsakaninta da mijinta, ana kashe shi tana kallo. Ba ta taɓa tsanar jikin nan ba kamar ranar.

Da ta ga Rissa ya ɗaga takobi da hannu biyu, sai ta kifa da ciki, ta ja jiki a ƙasa, ta rungume ƙafafunsa ta baya ta faɗa masa gaba ɗaya. Ya zube, takobin ya yi gefe, ya yi ta naushin kafaɗarta ta ƙi saki. A nan ta ji wani abu ya tsinke a cibiyarta. Ta yi wata ƙara da ta sa Rissa ya daina motsi, sai amai, sai idanunta suka juye.

Maƙwabta suka cika gidan. Maza shida suka ɗora ta a amalanken jaki, suka kwantar da Tukur a gefenta, hannunsa ɗaure da zane. Rissa ya so ya hana a kai ta asibiti, sai Tukur ya ɗago da bakinsa mai jini.

"Yaya, ka kashe ni in kana so, amma bari a kai ta tukuna. Hanjinta ne ya murɗe."

Rissa ya dubi mutumin da ya sara yana roƙo don ƙanwarsa, sai ya kauce musu. Shi ya tura amalanken har asibiti.

Fiɗar da aka sa wa wata biyu, a ranar aka yi ta, awa huɗu cur. Rissa na tsugune a gindin itacen bedi a harabar asibiti, wata tsohuwar unguwarzoma mai jin Tamashek ta zo ta wanke shi tas, ta gaya masa abin da fiɗa ke nufi a bakin likitoci. Ya ja amawali ya rufe har idonsa. Da jandarmomi suka zo, Tukur ya ce magana ce tsakaninsa da surukinsa, ya yafe, ba zai kai ƙara ba.

Kadidiya ta rayu. Wata uku ta yi a gado, ciwon ya ruɓe aka sake buɗewa, ta sha wuya ba kaɗan ba. Bayan nan ga yunwar rage ci, wadda ta sa ta kuka sau ba adadi. Amma kafin shekara ta zagayo tana zuwa rijiya da ƙafarta, tana barci a miƙe. Shi kuwa Tukur jijiya ta yanke, yatsunsa uku na dama ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Allura ta gagare shi, aka mai da shi ɗakin ba da magani, bai taɓa yi wa kowa gori ba.

Sai a lokacin Lalla da Rissa suka iya zuwa. Kadidiya da kanta ta fito ta tarbe su a ƙofa. Lalla ta dubi 'yarta a tsaye, ta fashe da kuka, ita kanta ba ta san na murna ne ko na baƙin cikin ramar ba. Rissa ya durƙusa, ya ce wallahi don ita ya yi.

"Na sani, Yaya," in ji Kadidiya. "Inna ma don ni ta yi. Na yahe muku duka. Amma tun ina 'yar shekara bakwai kuke yi don ni, ba wanda ya taɓa tambayata mi nike so. Mutum guda ya tambaye ni, shi ne kuma ka sare ma hannu."



To, masu karatu, haƙurin Tukur ya ba shi matarsa da rai. Ku kuma 'yan'uwa, in kun ji kalmar da ta tayar muku da hankali, ku tambayi ma'anarta kafin ku zabura, kuma ku fara da tambayar mai jikin. Rissa ya rayu har tsufa, amma duk gaisuwar da zai yi da Tukur, yatsun nan uku masu sanyi yake kamawa.