Kiran Baba Mai Gora

"Ga ta nan, ga ta nanku. Mai raunin zuciya ya matso tsakiyar tabarma."

"Ta zo mu ji ta, Yaya, mun naɗe ƙafafu."

To, a kashe talabijin ɗin nan tukuna. Hanne, daina leƙen ƙofa, ba kowa. Ku dai kasa kunne.

Kun san Goggo Yalwa, wadda ke kawo mana alkaki da salla. Ku kun taso kun same ta tsohuwa mai carbi. Amma a da, kaf garin nan ba wanda bai san fuskarta ba, don 'yar wasan kwaikwayo ce.

A lokacin akwai wani wasan barkwanci da ake nunawa duk ranar Asabar, sunansa Gidan Mai Gora. Labarin wani maigida ne mai yawan faɗa, da matarsa Kande, da 'ya'yansu marasa jin magana. Wani bawan Allah, Malam Cindo, shi ke fitowa a maigidan, Baba Mai Gora. Kullum da gora a hannu, amma ko ƙuda bai taɓa duka da ita ba. Goggo ita ce Kande.

A wani tsohon gidan ƙasa suke ɗaukar wasan, can bayan gari. Masu gidan sun daɗe da tashi. Mota ba ta kaiwa. Sai a sauka a bakin titi, a bi wata siririyar hanya ta cikin gonakin dawa. Su 'yan wasa wurin aiki kawai suka ɗauke shi. Shekara da shekaru suna shiga suna fita, ba wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar.

A tsakar gidan akwai wata ƙofa mai labule, ita ce turakar Malam a cikin wasa. Amma ba ɗaki a bayanta. Rufin ya daɗe da ruftawa, kuma da ka wuce dokin ƙofa, tsohuwar rijiya ce aka rufe da azara, azarar ma gara ta cinye. A kan dokin ƙofar Malam Cindo ke tsayawa, bayan labule, yana ƙwala wa Kande kira. Kowane mako haka wasan ke ƙarewa: ya kira, su yi cacar baki, ta ɗauki akushi ta ɗaga labule, sai a yanke hoton. Ba ta taɓa wuce nan ba.

Ana nan, sai Allah ya yi wa Malam Cindo rasuwa. Ciwon 'yan kwanaki ne. Aka yi jana'iza, aka yi addu'a, aka watse.

Sai Nomau, mai shirya wasan, ya tara su.

"Ba za mu kashe Mai Gora ba," in ji shi. "Mutane ba za su yafe mana ba."

Goggo ta ce, "Kai Nomau, mu ne muka kashe shi? Mai rai ya karɓi abinsa."

"Yaya Yalwa, ki saurare ni. Muna da muryarsa a kaset, kwali guda. Mu ce ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi a ɗaki. Mu ajiye rakoda bayan labule. Yana kira, kina amsawa."

"In amsa wa mamaci?"

"Kaset za ki amsa wa."

"A kaset ɗin muryar akuya ce?"

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Amma gidaje da yawa da wasan nan suke ɗora tukunya. Ta duba fuskokin abokan aikinta, ta haƙura. Shi ke nan, aka ci gaba.

Duk daminar nan haka suka yi. Rakoda na kira, Goggo na amsawa, 'yan kallo na dariya a gidajensu. Sai dai duk sanda muryar ta fito, sai idon Goggo ya kawo ruwa. Wani lokaci hawaye ya ɓata hoton, a sake. Nomau ya fara gunaguni.

Rannan za su yi ɗauka da yamma, dab da faɗuwar rana. Goggo ta ce a ranta, bari in riga su zuwa, in gwada maganata ni kaɗai, in gama kukana kafin su iso. Ta karɓi makullin gidan a hannun Nomau. Bayan la'asar ta sauka a bakin titi, ta kama hanyar nan.

Dawa ta yi tsawo, ta fi kanta. Ba iska. Ba tsuntsu ko ɗaya. Sai ƙarar silifanta.

Ta buɗe kwaɗo, ta shiga. Komai na nan yadda suka bar shi. Ga turmi, ga randa, ga akushi a kife. Ga labule a sake. Ta ɗauki akushin, ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta ja numfashi.

"Ke Kande!"

"Na'am, Malam."

Bakinta ne ya amsa, kafin zuciyarta ta ji. Sabo ne na shekaru.

Ta yi tsaki. Ta ce lalle yaran Nomau ne suka riga ta, suke mata wasan banza. Sai ta tuna da hannunta ta buɗe kwaɗo. Rakodar kuwa a motar Nomau take kwana.

"Tuwon nan a kan raƙumi yake tahowa ne daga Agadas?"

Muryar Malam Cindo ce sak. Amma akwai wani ɗan huci a ƙarƙashinta, irin na tsohon kaset. Da ya kai ƙarshen maganar, sai zakara ya yi cara. Ba a waje ba. A cikin muryar. Goggo ta san zakaran nan. Shi ya taɓa ɓata musu ɗauka shekarun baya, kuma tuni suka ci shi da shinkafa.

Ta so ta juya. Ƙafafunta suka ƙi. Sai ta ji bakinta yana cewa, "Malam, ai miyar ce ke jiran naman da ka yi mana alkawari tun babbar salla."

Da faɗin haka, ƙafarta ta matsa gaba da kanta.

Sai aka yi dariya.

Ku sani, ba a dariya a wurin ɗauka. Can a gidan talabijin ake ɗora ta daga baya. Amma ga ta nan, a tsakar gida. Daga cikin randa. Daga bakin indararo. Daga ramukan bango. Ƙanana da manya, kamar gida ya cika da 'yan biki, alhali ko inuwar mutum babu.

"Ke dai bakinki ya fi hannunki sauri."

"To wa ya koya mini?"

Ta sake matsawa. Dariyar ta ƙaru.

Labulen nan bai kai ƙasa ba. Da, in Malam Cindo ya tsaya a bayansa, ana hango yatsun ƙafarsa, don ba ya sa takalmi in yana wasa. Goggo ta saukar da idonta a hankali. Ga bakin babbar riga. Ga gindin gora a dafe da ƙasa. A gefen gorar kuma, kofatai. Irin na jaki.

Hanne, sakar mini zane, za ki yaga shi.

Goggo ta san wasan nan kamar tafin hannunta. Ta san abin da ya rage. Zai ce ta kawo ya gani. Za ta ce ga ta nan tafe. Daga nan sai ɗaga labule. Yau kuwa ba Nomau da zai ce a yanke. Har warin rijiyar ta fara ji, sanyi-sanyi, kamar na tsohuwar laka.

"Kawo nan in gani."

Amsar ta taso mata har kan harshe. Ta datse shi da haƙori, sai da ta ji gishirin jini. Hannunta ya riga ya miƙe, yatsunta na taɓa labule.

Gidan ya yi tsit. Ana jira.

"Kawo nan in gani."

Ba ƙari, ba ragi. Har da hucin.

A nan ne Allah ya ba ta wani tunani. Masu dariyar nan ba dariyar mugunta suke yi ba. Irin wadda mutane ke yi ce a gaban talabijin. Ashe tun ranar farko suna da 'yan kallo a gidan nan, ba su sani ba. Aka sanar da gari rasuwar Malam Cindo, aka sanar da ƙauyuka, amma ba wanda ya sanar da masu gida na ɓoye. Kullum suna jin ana kunna muryarsa ana amsa masa, ga wurin tsayuwarsa ba kowa. Shi ne wani a cikinsu ya tsaya a wurin.

Ta saki akushin ya faɗi. Ta durƙushe a ƙasa da ƙarfin tsiya, tun da tsayuwa ce ke jan ta gaba. Ta yi bisimilla a zuci, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Salamu alaikum, mutanen gidan nan."

Ta ƙara sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Ni ba Kande ba ce. Sunana Yalwa. Mun shigo muku ba sallama, ku yafe mana. Na zo muku da saƙo ne mara daɗi. Malam Cindo ya rasu."

"Kawo nan in ga..."

"Ya rasu tun farkon damina. Da idona na ga an fita da shi a makara."

Muryar ta ja, ta ja, ta yi kauri kamar batir ya mutu, ta tsaya. Daga can ƙasa, kusa da randa, wata siririyar murya ta ce, "Yaushe zai dawo?"

"Wanda ya tafi can ba ya dawowa."

"To me ya sa kuke ta kiransa?"

Goggo ta ce duk tambayoyin da aka taɓa yi mata a duniya, ba wadda ta kai wannan nauyi. Ta ce, "Mun kasa haƙura ne. Laifinmu ne."

Sai kuka ya tashi. Ba mai ƙarfi ba. Kamar in ka hura iska a bakin tulu. Ya zaga gidan, bango bayan bango. Goggo ma ta fashe da nata, wanda ta yi wata da watanni tana haɗiyewa. Da ta ɗago kai, ba kofatai a ƙarƙashin labule. Ƙafafunta suka dawo nata.

Ba ta yi gudu ba. Da baya ta fita, tana addu'a. A tsakiyar gonakin dawa ta ci karo da su Nomau, ɗauke da kayan aiki.

"Yaya Yalwa, lafiya? Jinin me ne a bakinki?"

"Mayar da rakodar nan mota," in ji ta. "Mako mai zuwa zaman makoki za mu ɗauka. In ka ƙi, ka nemi wata Kanden, ka tura ta ita kaɗai."

Ya dubi fuskarta, ya juya ya mayar da rakodar mota.

Haka aka yi. Suka cike rijiyar da ƙasa, suka yi sallama a ƙofa, suka shimfiɗa tabarmi, aka yi wa Baba Mai Gora addu'a a gaban kyamara. Wasan ya ci gaba shekaru bayan haka, Kande na riƙe da gidan ita da 'ya'yanta, mutane kuma ba su daina kallo ba. Amma wanda ya tace hoton makokin nan ya ajiye aiki a ranar. Ya ce 'yan wasan da ke kan tabarma ba su cika ɗaki guda ba, amma da aka shafa addu'a, amin ɗin da ya fito a kaset irin na filin idi ne.

Don haka in aike ya kai ku bayan gari, kada wanda ya bi hanyar gonakin dawar nan shi kaɗai. Kango ma yana da masu shi, ku yi sallama. In kuma kun ji an kira ku da muryar da kuka sani, ku fara duba ƙasa kafin ku ce na'am.

Ƙurunƙus kan kusu. Wanda zai fita bayan gida ya nemi ɗan rakiya, ni dai ba ni ba.