Tsakuwa Dubu Goma da Bakwai

A shekara ta goma sha tara ta sarautarsa, farkon damina, sarki ya rasu, abokan gaba kuma suna zaune a bayan ganuwa. Ya bar 'ya'ya maza biyu, babu wanda ya yarda ya bi ɗan'uwansa. Al'adar fadar ita ce a raba musu mayaƙa daidai wa daida, wanda ya fi nuna jarunta shi zai hau gado. Kowane mayaƙi ya jefa tsakuwa ɗaya a masaki, aka kai wa Gwaggo, ƙanwar marigayi, wadda ta gaji ilimin hisabi a wurin mijinta, ba a kuma taɓa kama ta da kuskure ba.

Ta ƙirga sau uku a soron ciki. Dubu goma da bakwai.

Ta kasa tsakuwar gida biyu, ɗaya ta yi saura. Sarkin Yaƙi ya ce a kasa uku, kashi ɗaya ya tsare gari. Biyu suka yi saura. Aka gwada raba wa ƙofofin gari huɗu, saura uku. Kwana uku tana gwada rabawa da lambobin da su kansu ba sa rabuwa, kullum da saura, har ta kai casa'in da bakwai, inda gwaji yake ƙarewa.

"Ranku ya daɗe," ta ce wa 'ya'yan sarki, "adadi iri-iri ne. Akwai mai rabuwa biyu, akwai mai rabuwa gida-gida. Wannan ba ya karɓar rabo ko kaɗan. Ku bar rundunar a hannu ɗaya."

"Hannun wa, Gwaggo?" in ji babban. Ƙaramin ya yi dariya: "Tambayi tsakuwa mana, Yaya, tunda ta fi mu wayo."

Waziri ya same ta a keɓe. "Uwar ɗakina, zuba ɗaya a bakin zanenki. Dubu biyar da uku ga kowa, gobe a fita. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Waziri. Shekara talatin ban yi wa adadi ƙarya ba, sai yanzu da furfura?"

Ta san abin da ƙin nata zai iya jawowa, amma ta ƙi. Kwana tara ana jayayya a kan mutum ɗaya, kowane ɗan sarki ya janye magoya bayansa daga ganuwa don kada a ce ya amince da ƙaramin kashi. Rana ta goma da hantsi aka fasa ƙofar gabas, babu ko mai baka ɗaya a kanta.

An ce 'ya'yan sarkin duka biyun sun mutu a ƙofar fada, an kuma kora Gwaggo cikin bayi, ta rayu shekara shida tana tsinkar auduga.

Ni dai ba na cikin masu zarginta. Lissafinta daidai ne, har gobe ba wanda zai raba adadin nan. Sai dai mulki ba ya tambayar wanda ya yi daidai, kuma duk waɗanda za su shaida gaskiyarta a ranar suka ƙare.