Jinin 'Yar Makanike

Mai shara ce ta fara ganinsa da safiyar Talata. Ta shiga ɗakin gwaje-gwaje da tsintsiya, ta fito babu tsintsiya babu ɗankwali. Kafin ƙarfe takwas Sufeto ya iso makarantar shi da Sajensa.

Malamin bayoloji yana kwance tsakanin tebur da wurin wanke kwalabe, ƙeyarsa a fashe. Likitan 'yan sanda ya ce tun yammacin jiya ne, hankaɗa shi aka yi ya bugu da gefen siminti.

A kan tebur akwai takardun aikin gida na 'yan aji biyar. An sa kowane ɗalibi ya zana danginsa, ya rubuta rukunin jinin kowa, don a ga yadda ake gadonsa. Ɗalibai talatin da biyu, takardu talatin da ɗaya. A gefen kowace akwai shatin babban yatsa na baƙin mai, alamar wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman tasa. Wadda ta ɓata ta wata yarinya ce da 'yan aji ke kira Farfesa, don ba ta taɓa zuwa ta biyu ba.

Maigadi ya rantse ko kaza ba ta shiga ba bayan an tashi. Sufeto ya dubi tabarmar da ke naɗe a bayan ƙofa, da matashinta.

"Baba, barcin minti nawa ka yi?"

"Ranka ya daɗe, ido kawai na rufe."

Da aka matsa, sai ya tuna ƙarar babur ce ta tashe shi, ya ga bayan wani mutum da shuɗiyar rigar aiki.

Aka kira Farfesa ofishin shugabar makaranta. Ta ce ita ba ta ma kawo aikin ba. Sufeto ya buɗe rajistar marigayi ya nuna mata sunanta da alamar an karɓa. Ta sunkuyar da kai. Saje ya ce a tafi da ita caji ofis, can baki ke buɗewa. Shugabar ta ce saura mako uku jarrabawa. Sufeto ya tambayi sana'ar uban yarinyar kawai, aka ce makanike ne.

Uwar tana shanya lokacin da suka isa gidan tare da yarinyar, maƙwabta kuwa kowacce ta tuna tana da abin yi a jikin katanga. Ta shigar da su ɗaki ta saki labule.

Da farko ta ce ba ta san malamin ba. Sufeto ya kafa mata ido, sai ta sauya magana. Ta ce shekara ashirin da suka wuce ya taɓa nemanta, magana ba ta yi nisa ba. Amma unguwa ba ta mance ba. Duk sa'ad da yarinyar ta zo ta ɗaya, sai wata ta ce a gaban maigidan, ikon Allah, 'yar makanike da kan malamai.

Ranar Lahadi maigidan ya ɗauki littafin yarinyar. Ya ga shi A ne, kamar yadda katin ba da jininsa ya nuna, matarsa B, 'yar kuma O. A shafin gaba ga misalin da malam ya bayar da kansa a aji, shi ma O. Tun daga nan bai ci abincinta ba, bai ce mata uffan ba.

"Ku tafi da ni in kuna so," in ji ta. "Amma ku bar mini yarinya ta yi jarrabawa."

Sufeto ya ce ba wanda zai taɓa yarinyar. Ya dai roƙe ta ita da yarinyar su raka shi.

Suka tarar da makaniken a ƙarƙashin wata mota. Ya fito yana goge hannu, ya ce jiya yini ya yi a gareji. Sufeto ya nuna aljihun shuɗiyar rigarsa, inda bakin wata takarda ya leƙo.

"Wannan fa, ta mota ce?"

Bai yi gardama ba. Ya zauna kan tsohuwar taya ya ce tambaya ɗaya ya je yi. Ya ɗauko takardar a cikin tarin, ya ce wa malam ya gaya masa inda O ya fito a gidan da babu O. Sai malam ya yi murmushi, ya juya zai ɗauki alli.

"Murmushin nan ne," ya ce. "Shekara goma sha bakwai ina ciyar da 'yarsa, yana mini dariya."

Sufeto ya karɓi takardar ya warware, ya miƙa wa yarinyar. Ya ce shi nasa karatun ya daɗe, ta yi musu bayani.

Ta durƙusa a gaban ubanta, ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana akwati mai gida huɗu da tsinke. Ta ce kowane mutum ƙwayar gado biyu yake ɗauke da ita ta rukunin jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A da B masu rinjaye ne, in suna nan su ake gani. O kuwa laɓewa yake yi, ba ya bayyana sai ya haɗu da ɗan'uwansa O.

"Baba, dubi saman takardar. Kaka, mahaifiyarka, O ce, a katin asibitinta na gani. Ba ta da abin da za ta ba ka sai O. Yana jikinka, A ne ya rufe shi."

Ta cike gidajen huɗu. A na ƙarshe ta rubuta O biyu, ta ɗora yatsa.

"Ɗaya na Mama, ɗaya naka. Ni ce nan."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗago ya dubi Sufeto, kamar yana roƙon a ce masa ƙarya ne.

"Abin da zai zana mini ke nan?"

"Shi ya sa ya ɗauki alli," in ji Sufeto.

Saje ya ciro ankwa. Makaniken ya miƙa hannu biyu da kansa. A bakin motar 'yan sanda ya tsaya ya juyo wajen matarsa, ya kira ta da sunan da yake kiranta a ɗaki, ya ce ta yafe masa.

"Kwana biyu muna ɗaki ɗaya," ta ce. "Da ni ka tambaya."

Ta kama hannun 'yarta, ta kakkaɓe mata ƙasar gwiwa, suka juya.