Ruwan Zafi a Gindin Gawo

Rana ta kusa faɗuwa a Tama. Shanun Fulani na gangarowa daga tudu, hayaƙin girki ya kwanta a kan rumbuna. A gidan Attahiru, matarsa Zalika na tuƙa tuwo, 'yarsu Jaratu na tsince wake a bakin ɗaki. Ba a jin komai sai bugun injin ban ruwa daga fadama, wanda mutanen gari suka saba da shi har kunnensu ya daina kula shi. Sai dutse ya faɗo tsakiyar gida.

Zalika ta ɗaga murya ta zagi 'ya'yan maƙwabta. Jaratu ta tashi ta ɗauke dutsen, sai ta ƙwala ihu ta yar da shi. Da zafinsa, kamar daga murhu aka zaro shi.

Attahiru tsohon soja ne. A yaƙin Nasara, wato Turawa, ya koyi sha'anin ƙarfe, don haka da kumandan, Baturen mulki na Madawa, ya aiko da wani tsohon inji a gwada ban ruwan albasa da alkama, a hannunsa aka damƙa shi. Mutum ne mai kirki, sai dai tun da ya dawo yake jin babu abin da bai gani ba a duniya. Alfaharinsa tafin hannunsa na dama. Ya kan ɗora shi a jikin injin ya rufe ido, ya gaya maka ko mai yake so, ko ruwa, ko hutu. Abokan wasansa har cewa suke ya fi shafa injin a kan matarsa.

Da rani ya yi nisa kowa ya matsu da ruwa, shi kuwa bai iya cewa a'a ba. Tun asuba injin ke aiki har magariba. Sai ya fara zafi. Tukunyar ruwan da ke kansa, wadda ke sanyaya shi, ta riƙa tafasa tana tofar da tururi, bugunsa ya yi nauyi. Attahiru ya duba mai, da saura. Ya ja igiyar da ke juya famfo, ba ta saki ba. Ya busa tiyo, babu toshiya. Daga baya ya zura yatsa cikin tukunyar ya fito da laka. Ashe rijiyar da injin ke zuƙo ruwa daga ciki kan ja baya da yamma, sai ruwan taɓo, shi ne ke danƙarewa a cikin injin yana riƙe zafi.

Maganin da ya gano mai kyau ne, babu makanikin da zai kushe shi. Kullum idan ya tashi aiki, tun ruwan na tafasa lakar ba ta daskare ba, sai ya buɗe ƙasan tukunyar ya sake shi. Ruwan ya kan gangara ya kwanta a gindin wani tsohon gawo da ke bayan rijiyar. Da almuru yake yin haka, kuma bakinsa a rufe.

Mahaifiyarsa, tsohuwa Altine, 'yar gidan Azna masu bautar iskoki ce kafin ta kama salla, ta san kowane itace da mai shi. Ta ce masa, "Kai wanga, ba a zubda ruwan zahi ƙasa da almuru. In ya zama dole, a yi bisimilla, masu wuri su janye ɗiyansu."

Ya yi dariya. "Inna, ƙasashen da niz zaga kullum zubda shi akai, ba wanda yam mutu."

"Can ba ka da maƙwabta," in ji ta.

Daga ranar dutsen farko gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da zarar inuwa ta haɗe, sai duwatsu su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba su taɓa kowa. Ruwan randa da aka sani da sanyi ya koma ɗumi. Awaki suka ƙi shiga gida. Abin da ya fi karya zuciyar Zalika shi ne kukan da suke ji a bayan rumbu, kukan ƙaramin yaro da ya gaji da kuka, wanda in an zagaya sai a tarar da wayam. Maƙwabta suka rage shigowa. Attahiru ya ce aikin mahassada ne, ya ci gaba da zuwa fadama.

Wata yamma Jaratu na ɗauke da ƙwarya sai ta tsaya cak, ta faɗi. Aka kai ta ɗaki. Hannunta na dama ya dunƙule, ta rungume shi a ƙirji, ko iska ta taɓa shi sai ta zabura. Attahiru ya dawo da gudu ya ɗora tafinsa a goshinta. Ya san wannan zafin. Irinsa ne ƙarfe ke yi dab da ya tsage. A nan tsoro ya kama shi, tsoron da bai ji ba ko a bakin daga, don ita kaɗai Allah ya bar musu a cikin 'ya'yan da suka haifa.

An yi jiƙo, an yi shafe-shafe, zafin bai sauka ba. Yarinya ta daina cin abinci, leɓɓanta suka tsattsage. Tsohuwa Altine ba ta nemi shawarar kowa ba ta aika garin Azarori a ɗauko Malam Iliyasu, wani dattijo ɗan firit da aka sani da karatu a kan masu iska.

Malam ya iso da la'asar a kan jaki. Ya sha ruwa, ya yamutsa fuska don ɗuminsa. Ya jira har rana ta faɗi ya yi salla, sannan ya shiga ɗakin ya zauna a kan buzu. Ya sa turare a kasko ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba ya gaggawa. A waje duwatsu suka fara sauka. Can sai suka tsaya, gari ya yi tsit. Jaratu ta tashi zaune, idanunta a rufe.

"Bar ƙona ni, Malam," in ji wata murya daga bakinta, muryar babbar mace wadda ta sha kuka. "Ƙunar da anka yi muna ta isa."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Maƙwabciyarsu ce. Gindin gawo muke tun ba a gina rijiyar ba. Ƙarar ƙarhensu munka haƙura, shanye ruwa munka haƙura. Rana tasu ce, ba mu hana su ba. Amma almuru namu ne, shi ne lokacin da ɗiyanmu ka hita wasa. Ɗana na wasa, wanga mutum yas sako mashi tafasasshen ruwa, ko sallama babu. Hannun ɗana ya saɓule."

Attahiru ya durƙusa a bakin ƙofa.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma bai gan shi ba. Kuma yarinyar ga mi ta yi maki?"

"Ɗana mi ya yi mashi?"

Malam ya ƙara turare a kasko. Sannan ya ce, "Ki ji tsoron Allah da yay yi mu da ku. Hwaɗi abin da za a yi ki hita."

Ta faɗa. A kashe injin tun la'asar. Ruwansa a tare shi a tulu ya huce, kada a zubar sai da sunan Allah, nesa da gawo. Malam ya dubi Attahiru, ya amsa da ka.

"Sai hannu," in ji muryar. "Na ɗana ba shi warkewa. Da na ɗiyarshi zan tahi."

"Ba ki da wannan," Malam ya ɗaga murya, ya koma karatu da ƙarfi. Jikin yarinyar ya kama karkarwa, gumi ya keto mata, numfashinta na sarƙewa, aljanar na gurnani amma ta ƙi saki. Zalika ta fashe da kuka. Attahiru ya ga in aka ci gaba da ja-in-ja, yarinyar ce za ta tsinke a tsakani. Ya rarrafo ya miƙa hannunsa na dama.

"Ga wanda yab buɗe ruwan," ya ce. "Ba nata ba ne. Ɗauki wanga."

"Attahiru, rufe bakinka!" in ji Malam. Amma magana ta riga ta fita.

Dunƙulallen hannun Jaratu ya buɗe a hankali, ya kama tafin ubanta ya riƙe. Muryar ta ce, can ƙasa, "Kai ma ashe uba ne." Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale ta kwanta. A bayan rumbu kukan ya yi nisa, ya yi nisa, har ya ɓace wajen fadama.

Attahiru ya duba hannunsa a hasken fitila. Babu ƙuna, babu tabo, yatsu na motsi. Ya yi hamdala, har ya fara jin kunyar tsoron da ya nuna. Ya matsa kusa da 'yarsa ya ɗora tafin a goshinta, ya rufe ido yadda ya saba.

Ya daɗe a haka. Ya ɗaga, ya shafa a rigarsa, ya sake ɗorawa. Sannan ya kai hannun kan kaskon turare, garwashi na ci, ya riƙe bakin kaskon. Bai ji komai ba.

Ya juyo wajen matarsa.

"Zalika, zo ki taɓa mani ita. Ta huce?"

Zalika ta ɗora hannu a goshin yarinyar, hawaye na zuba.

"Ta huce, maigida."