Ledar da Yaya Ya Ɗaure

Yaya, yau wata huɗu da kwana shida da muka kai ka makwancinka. Na san ba ka son dogon zance, kai ne mai cewa in na fara labari sai shayi ya huce a kofi. Ka yi haƙuri ka saurare ni, domin wannan maganar ban ga wanda zan kai wa ba in ba kai ba.

Abin ya fara ne wata Talata, gab da magariba. Inna tana kwashe shanya, Auta tana gugar kayan makarantarta a bakin ƙofa, ni kuma na dawo daga gareji ina wanke baƙin mai a hannuna. Sai muka ji ƙwas a kan kwanon ɗaki. Inna ta ɗaga kai ta ce 'ya'yan maƙwabta sun fara. Aka ƙara, aka sake ƙarawa, har sau bakwai, sannan wuri ya yi tsit. Na ƙarshen ya gangaro ta indararo ya faɗo gaban Auta. Ɗanyen mangwaro ne, bai kai ƙwan kaza ba, danƙon gindinsa ko bushewa bai yi ba. Ka san unguwarmu, daga bakin titi har bayan makaranta babu bishiyar mangwaro ko guda.

Auta ta ɗauka ta shinshina. Ni kuwa na tsaya da sabulu a hannu, ruwa yana zuba, domin na gane ƙanshin. Na lambunka ne.

Ina tuna ranar da ka shigo da takardar dillali, wadda aka zana kwarin nan a jikinta aka yanka shi gida-gida, kowane fili da lambarsa. Ka shimfiɗa ta a tabarma ka ɗora yatsa a kan eka ukun da ke kusa da rafi. Ka ce ka gaji da tuƙi, motar kullum raguwa take yi, itace kuwa ko kana barci yana ƙaruwa. Kawu ya ce wanda ya sayar da bas mai kawo na cefane ya sayi ƙasa da ciyawa, a duba kansa. Ka yi dariya ka ce ya jira shekara biyar, da kwando zai riƙa zuwa gaishe ka. Inna kuwa, da za ka fita ta sa maka albarka.

Ka dasa lemu, ka dasa gwaba, ka ja layin mangwaro ɗan aure har bakin ruwa. Amma a kusurwar gabas, kusa da tsohuwar rijiya, akwai wata tsohuwar bishiyar mangwaro da ka tarar, mai 'ya'ya ƙanana masu tsami da zare. Dattijon da ya noma wurin kafin a yanka filaye ya zo takanas ya ce maka a bar ta yadda take, tana da masu ita. Ka ce masa ai ba sare ta za ka yi ba, aurar da ita za ka yi, ta haihu na kirki. Ka datse rassa bakwai ta ɓangaren rijiya, ka bar sauran. Ni na riƙe maka wuƙa da leda. Ka tsaga kowane reshe, ka soka tsiron iri mai kyau, ka naɗe da leda tamau, ka yi irin ƙullin nan naka na direbobi da ba ya kwancewa. Kana yi kana koya mini: bayan mako shida dole a zo a kwance, in ba haka ba reshe zai yi ƙiba, ledar ta nutse cikin ɓawo ta shaƙe shi.

Mako na biyar zazzaɓin ya kwantar da kai. A asibiti, daren da Inna ta fita alwala, ka kama hannuna ka ce, "Injiniya, ka je ka kwance ledar nan." Na ce to. Kwana biyu bayan haka ka tafi.

Ban je ba, Yaya. Sau uku ina zuwa tasha, in ga motar kwari tana lodi, in ji yaron mota yana kiran sunan wurin, sai ƙafata ta ƙi. Na san in na shiga lambun zan ga takalmin robarka a bakin bukka, da butarka, da inda kake zama. Sai na riƙa ce wa kaina gobe.

Daga waccan Talatar kullum rana ta yi ja sai an yi jifa, bakwai cif, ba ƙari ba ragi. Na hau kan katanga na duba, na zagaya bayan gida, babu kowa sai kajin maƙwabta suna neman wurin kwana. Inna ta riƙa tsince mangwaron tana zubarwa a bola tun kafin mutane su gani. A kwana na huɗu muka fara jin motsi a ɗakinka, wanda yake kulle tun ranar sadakar uku. Wani ƙaramin sauti ne, kamar ana murza leda a tafin hannu, a daina, a sake. Na buɗe, na tarar da katifarka a naɗe, hularka a kan ƙusa, babu abin da ya gusa.

Sai Auta ta canza. Yarinyar da surutunta yake hana ka jin labarai a rediyo ta koma ba ta cewa uffan. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo, daga famfo zuwa zaure, tana tafe tana murza damatsanta. In Inna ta tambaye ta sai ta ce, "Ya matse ni." Da aka ɗaga hannun rigarta muka ga shaida, layi-layi sun zagaye damtsen kamar an ɗaure da igiya, huɗu a dama, uku a hagu. A asibiti suka ce ƙaiƙayi ne, suka ba da man shafawa. Layukan suka ƙara nutsewa. Ta daina cin abinci, ta ce ba ya wucewa.

Na ƙirga layukan nan, Yaya. Na san abin da na ƙirga. Amma na fita na koma gareji na kwanta ƙarƙashin motar mutane, ina kwance abin da bai lalace ba ina mayarwa.

Kawu ya zo ya zauna a kujerarka ya ce tun farko ya faɗa, filin nan ba alheri ba ne, ya ci mutum ɗaya yana neman na biyu. Ya ce ya yi magana da dillali, akwai wani mai kuɗi da yake haɗa filayen bakin rafi, zai tumɓuke komai ya zuba ayaba. Saura Inna da ni mu sa hannu. Inna ta ce a fara nema wa yarinya lafiya tukuna, takarda ba za ta gudu ba.

Malamin da aka kira wani dattijo ne siriri mai sayar da littattafai a bakin kasuwa. Ya zo bayan la'asar da 'yar jakarsa, ya ƙi shayi, ya nemi ruwa a kwano kawai. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna ta riƙe Auta ta baya, ni da Kawu muka tsaya jikin bango. Ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta tashi ba ta sauka. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe tabarmar. Tsuntsayen kan waya suka watse. Da jifan farko ya sauka a kan kwano, Auta ta daina mutsu-mutsu, ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi.

Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a shaƙe, kamar mai magana da wuya a ɗaure.

"Ya isa haka, malam. Ba faɗa ya kawo mu ba."

Malam ya tambaye ta ko su wane ne, kuma me yarinya ta yi musu. Ta ce su mazauna bishiyar bakin rijiya ne, tun kafin a haƙa rijiyar. Yarinya ba ta yi musu komai ba, ita ce dai ƙofar da suka samu a buɗe. Kawu ya kasa haƙuri ya ce su ne suka kashe masa ɗa. Kan Auta ya juyo a hankali.

"Kwanansa ne ya ƙare. Mu da muke jiransa? Yana aiki yana yi mana hira. Ya ce mako shida zai dawo ya kwance. Ya ɗaure mu ya tafi."

Inna ta sunkuyar da kai a bayan Auta, kafaɗunta suna rawa. Malam ya ce wanda ya ɗaure ya riga mu gidan gaskiya, mamaci kuwa ba a bin sa alkawarin da mutuwa ta yanke, mutanen gidan nan ba su san da zancen ba.

"Akwai wanda aka gaya wa," in ji ta.

Ba ta dube ni ba. Ƙasa take kallo. Amma sai ta sassauta murya, ta faɗi kalmomin nan guda shida, ka je ka kwance ledar nan, da irin jan numfashin da ka yi a gadon asibiti. Sunan kawai ta cire. Kawu ya waiga hagu da dama yana tambayar wa ake nufi. Malam ya ɗago ido ya dube ni sau ɗaya, ya mayar kan kwanon ruwansa.

Daga nan aka shiga ciniki. Ta ce a kwance, kuma a sare duk baƙin rassan da aka ɗora musu. Malam ya ce kwancewa haƙƙinsu ne, za a yi kafin rana ta faɗi gobe. Amma reshen da ya riga ya kama ya zama jikin bishiya, sare shi sabon rauni ne, wanda ya bushe kaɗai za a cire. Aka fara kiran salla a nesa. Sannan ta ce sun yarda, da sharaɗin 'ya'yan tsofaffin rassa nasu ne, kada a tsinka, kada a kakkaɓe, kuma kada gatari ya kusanci gindin. Malam ya ce an ji, saura nasu: su fita daga jikin yarinya yanzu, ba gobe ba, kuma kada su sake taka gidan nan. Ya sa ta rantse har sau uku. Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin Inna. Can ta buɗe ido ta ce yunwa take ji.

Da zai tafi na raka shi zaure. Yana sa takalmi ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Ka tafi da wuƙa mai kaifi. Kuma ka yi sallama."

Motar farko na bi. Kwarin yana nan yadda ka bar shi, kore shar, ruwa yana gudu a lambatu, masu lambuna suna loda kwanduna a bakin hanya. Namu ne kawai ciyawa ta kai gwiwa. Takalminka yana bakin bukka, gizo-gizo ya yi saƙa a ƙafar hagu. Na wuce ban tsaya ba, don na san in na tsaya shi ke nan.

Na yi sallama a gindin bishiyar. Babu wanda ya amsa, ganye ne kawai ya motsa. Na hau. Ledar ta nutse cikin ɓawo har ba a ganin ta sosai, reshe ya kumbura sama da ƙasa, danƙo yana tsiyaya kamar ciwon da ya ƙi warkewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa. Duk wadda na yanke sai in ji reshen ya yi wata 'yar ƙara, kamar mutum ya sauke numfashi. Shida sun bushe ƙayau, na cire su. Na bakwai, wanda yake can sama, wanda ka ce in riƙe maka ƙafa da za ka ɗaura, ya kama. Ya fitar da sabon ganye ja-ja, laushi kamar kunnen jariri. Na zauna a kan reshen ina kallonsa har rana ta take tsaka. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Ƙullin na bakwai ban yanka ta kansa ba. Na yanka ta gefe, na zare shi ɗungum. Yana aljihuna yanzu haka.

Auta ta warke. Layukan sun baje cikin kwana uku, surutu ya dawo, jiya har ta cinye mini burodi ta ce aljanu ne. Ba ta tuna komai. Kwano ya yi shiru, ɗakinka ma haka.

Ni ne dai ban samu zama ba. Kawu ya ce jibi zai zo da dillali da takarda, tunda an rabu da masifa a rabu da tushenta. Mai ayaba ba zai bar bishiya a kusurwa ba, katafila zai sa, kuma ba shi aka yi wa sharaɗi ba, mu aka yi wa. Inna ta gaji, duk abin da aka ce mata to take cewa. Hannuna kawai ya rage.

Ba zan sa ba, Yaya. Na yi wa maigidana a gareji sallama a zuciyata, na auna takalminka da na ɗauko a bakin bukka da zan dawo, ya ɗan yi mini yawa amma zan cusa tsumma. Sai dai in na ƙi sa hannu Kawu zai tambayi dalili, Inna za ta ɗago ta dube ni, kuma dole in faro daga daren asibiti, in faɗa mata cewa mako ukun da Auta ta yi a shaƙe, saƙo ne aka ba ni na riƙe. Tun safe nake zagaye tsakar gida ina jera maganar, ina kaiwa ƙofar ɗakinta in dawo. Ga ta can tana tsefe wa Auta kai, suna dariya.

Har yanzu ban gaya wa kowa ba.