Kirakira Ba Kiranye Ba Ce

A damunar 1979 Gwadabe ya fara ganin Rahamatu, yana kan rufin gidan Hajiya Jummai a Birnin Kudu yana juya eriyar talabijin. Ita ce ke leƙowa ta taga tana gaya masa ko hoto ya fito. Bawan Allah sai da ya ɓata hoton sau uku da gangan don kawai ta sake leƙowa.

Daga Gwaram ta zo hutu wajen goggonta, Hajiya Jummai. Duk Laraba bayan la'asar ana nuna wani zane mai motsi na Japan, 'yan mata uku masu sandar sihiri suna yaƙar dodanni. In za su rikiɗa sai su ɗaga sanda su ce "kirakira". Gwadabe, mai gyaran rediyo, ya naɗa kansa tafinta, rabi fassara rabi ƙari. Ya ce mata kalmar na nufin walƙiya irin ta taurari, kuma daga ranar sunanta ke nan.

Da ta koma gida ya aika mata wasiƙa: "Kirakirata, tun da kika tafi ko abinci ba ya min daɗi. Kirakira, kirakira, Allah ya dawo min da ke."

Wasiƙar ta faɗa hannun mahaifinta, Malam Buba, wani mai shanu da ba ya wasa da al'amarin asiri. Ya ba wani saurayi maƙwabcinsa, Maikuɗi, ya karanta masa, shi kuwa Maikuɗi ya daɗe yana son Rahamatu. Ai kuwa ya gyara murya ya ce wannan kiranye ne, irin asirin da ake janyo mutum daga nesa, ga kira har sau uku. Malam Buba ya rantse ba zai ba boka 'yarsa ba. Rahamatu ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ta rubuta masa: "Masoyina, Baba ya ce kai boka ne. Na yi bayani, bai ji ba. Ni dai kai nake so."

Ranar Laraba sai ga Gwadabe a Gwaram kan babur, ya ɗauro talabijin da batirin mota da doguwar gorar ɗaga eriya. Ya durƙusa ya roƙi Malam ya gani da idonsa. Malam ya zauna a zaure fuska a murtuke.

A shirin ranar, ƙaramar cikin 'yan matan ta yar da sandarta, ga dodo ya taso wa ƙawarta. Malam Buba, da bai taɓa fita kiwo ba sanda ba, ya fara matsowa gaba. "Ke yarinya, koma ki ɗauki sandarki," ya ce. Ta ɗauka, ta ɗaga, ta ce kirakira, taurari suka cika allon. Nan batirin ya mutu.

Malam ya fashe da dariya har da hawaye.

"Ashe wasan yara na so in hana aure a kansa. Gwadabe, ta ceci ƙawar tata kuwa?"

"Sai Laraba mai zuwa, Baba."

"To ka zo da magabatanka, batirin ma a cika shi."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan. Malam Buba ya riƙe hannun Gwadabe ya ce, "Na zarge ka, ka yafe min. Ga Rahamatu nan, Allah ya yi muku albarka."