Takardu a Buhun Masara

Ranar Alhamis da hantsi wani mutum ya shigo caji ofis na Birnin Gwari yana jan buhun masara a ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Kofur ɗin da ke kanta ya ce masa nan ba kasuwa ba ce. Mutumin ko kallonsa bai yi ba, ya ce shi Sufeto yake nema.

Sufeto Bilyaminu ya fito yana kaɗa makullin mota. Mutum ne mai gajen haƙuri, ko shayi a tsaye yake sha.

"Masarar aka ɗiba maka?"

"Masara tana nan yadda take, Yallaɓai. Takarduna aka cire daga ciki."

Sunansa Haruna Bakoji, manomi ne daga Dogon Dawa, shekararsa arba'in da huɗu. Ya yi karatun malanta tun yana saurayi, aiki bai samu ba, ya rungumi fartanya. Bana jami'a ta ba shi gurbi, amma kuɗin makarantar ya fi ƙarfin gonarsa. Sai ga wata gidauniya mai ɗaukar nauyin manya masu son komawa karatu. Sharaɗinta mutum ya fito daga ƙauyukan da rikici ya shafa, kada ya kai arba'in da biyar, kuma kada ya zama mai cin albashi. Gobe Juma'a da sha biyun rana za a rufe duba takardu na asali.

"Watan jibi zan cika arba'in da biyar," in ji Haruna. "In gobe ta wuce ni, shi ke nan."

Sufeto bai tambayi abin da ya kai takardu cikin masara ba. Kowa a nan ya san ba a bin hanyar daji da shaidar boko a jiki. In 'yan bindiga suka tare mota suka gan ta, sai su ce kai ma'aikacin gwamnati ne, kuɗin fansarka ya ninka. Shi ya sa Haruna ya naɗe takardunsa a leda, ya tura su tsakiyar buhu, ya ba direba ranar Litinin, shi kuma ya biyo baya jiya da aljihu wayam.

"Wa ka aika wa buhun?"

"Mamuda, dillalin hatsi. Tare muka tashi. Shi ya cika min fom ɗin gidauniyar ma, tunda mu can waya ba ta shiga."

Sufeto ya durƙusa ya shafa bakin buhun. "Da me ka ɗinke?"

"Da igiyar rama."

Ɗinkin da ke jiki na zaren roba ne shuɗi. Haruna ya warware rabi, sauran yana nan a jere tsaf, irin na wanda hannunsa ya saba. Ɓarawon hanya ba ya tsayawa ɗinki. Sufeto ya yanki guntun zaren ya jefa a aljihu.

A tasha suka samu direban, Auta, yana kwance ƙarƙashin motarsa.

"Yaushe ka sauke buhun nan?"

"Jiya Laraba, Oga. Mai shi na isowa ina saukewa."

"Ka taso Litinin, ka iso Laraba? A kan kunkuru ka ɗoro shi?"

Auta ya ce mota ce ta lalace. Sufeto ya ce to a kira masa bakaniken da ya gyara. Auta ya ce bakaniken ya yi tafiya. Sufeto ya duba agogo, ya ce wa kofur ya kawo ankwa, shi ba shi da lokacin tatsuniya.

"Tsaya, Oga! Wallahi Litinin da la'asar na sauke a rumfar Mamuda. Shi ya ce in an tambaye ni in ce Laraba, wai kada 'yan kasuwa su karɓi kuɗin ajiya a hannunsa. Ni ko cokali ban taɓa a buhun nan ba."

Haruna ya girgiza kai. "Ba Mamuda ba, Yallaɓai. Me zai yi da takarduna? Ko sakandare bai gama ba."

Tambayar da ke cin Sufeto ke nan. Takardar da ke ɗauke da sunan wani ba ta sayuwa a kasuwa. Ya ja mota ba tare da ya jira an rufe ƙofa da kyau ba, suka nufi ɗakin da gidauniyar ta kama haya.

Sakatariyar, Madam Gloria, tana jin sunan ta ɗaure fuska.

"Kai ne Haruna Bakoji? Ai niyyata gobe in kore ka a gaban jama'a. Mun ce ban da mai albashi, kai kuma shekara shida kana malanta a wata firamare cikin daji."

"Ni?" Haruna ya dafa ƙirji. "Ban taɓa riƙe alli da sunan aiki ba!"

"Wa kika gaya wa wannan maganar?" in ji Sufeto.

"Makon jiya na kira lambar da ke kan fom. Wanda ya ɗauka ya ce kuskure ne, suna ne ya zo ɗaya. Na ce to ya zo da takardun asali ranar Juma'a, mu gwada lambobinsu da na fayil ɗin wancan malamin. Yau da safe kwafin fayil ɗin ya iso, ban ma buɗe ba."

Sufeto ya fizge ambulan ɗin ya yaga bakinta. Sunan na Haruna ne, lambar takardar ma tasa ce. Hoton da aka manna kuwa na wani ne mai faffaɗan goshi. Ya miƙa wa Haruna. Bawan Allah ya duba, ya sake dubawa, sai ya jingina da bango, ya ce Mamuda ne.

"Ka taɓa ba shi takardunka?"

"Kwafi na ba shi. Shekara shida da suka wuce, da ake ɗaukar malamai. Na zo na rubuta jarrabawa na koma gida, na ce ya riƙa duba min. Ya ce sunana bai fito ba."

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai. Ya san irin makarantun nan. Tun da aka watsa ƙauyukan aka rufe su, ba ɗalibi ba mai dubawa, babu wanda zai ce ga kamannin malamin.

La'asar ta kawo jiki lokacin da suka isa kasuwar hatsi. Mamuda na tsaye bakin rumfarsa yana sa 'yan dako lodin wata babbar mota. Da ganinsu ya taho da fara'a.

"Sannu da aiki, Yallaɓai. An kama direban? Tun jiya nake gaya wa Haruna mutumin nan ba shi da amana."

"Yaushe buhun ya zo hannunka?"

"Jiya, kuma ko taɓa shi ban yi ba."

Sufeto ya ɗauki ƙullin zaren da ke rataye jikin sikeli, ya ciro na aljihunsa ya haɗa su.

Mamuda ya yi dariya. "Rabin kasuwar nan da shi suke ɗinki."

"Gaskiya ne. To wannan fa, rabin kasuwa ne ko kai kaɗai?" Ya buɗe masa fayil ɗin a fuska.

Dariyar ta ɗauke. Mamuda ya waiga hagu da dama, ya ga kofur ya riga ya tare hanya. Sai ya sulale ya zauna kan buhu.

"Ina takardun?"

Mamuda ya kau da kai.

"Ina takardun, Mamuda? Ka ƙona?"

"Na kunna ashana sau biyu, hannuna ya kasa," ya ce a hankali. Ya nuna motar da ake wa lodi. "Suna cikin buhun dawa. Da magariba za ta tafi kudu."

Sufeto ya daka wa direban motar tsawa ya kashe inji. Aka shiga sauke kaya, shi kuma yana kai da kawowa yana faɗa wa 'yan dako su yi sauri. Buhu ɗaya, biyar, goma sha biyu. A na goma sha bakwai Mamuda ya ɗaga kai. Sufeto ya farke shi da wuƙa, dawa ta zube, leda ta faɗo.

"Lokacin an ƙone min kaya a hanya, ba ni da na cefane," in ji Mamuda, idonsa a ƙasa. "Takardar ɗaukarsa aiki ta fito, na ga makarantar a rufe take. Na sa hotona a madadin nasa. Na ce wata uku kawai zan ci in daina. Da matar nan ta kira, na san in takardun suka isa gabanta asirina ya tonu."

"Sai ka zaɓi ya rasa karatun, kamar yadda ya rasa aikin."

Mamuda ya miƙa hannuwansa. Kofur ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba ta tsakiyar kasuwa, mutane suna darewa.

Sufeto ya zazzage ledar. Takardun Haruna suna nan cif, har da wata da ba ta cikin waɗanda ya aiko, tsohuwa, ta yi ja a wurin ninki. Mamuda ya haɗa ta da su don duk su ɓace tare.

"Gobe ƙarfe takwas ka same ni a ofis," in ji Sufeto. "Ni da kaina zan kai ka wurin Madam Gloria, da bayanin da Mamuda zai sa wa hannu. Ba mai hana ka tallafin nan."

Haruna bai ji shi ba. Tsohuwar takardar ya buɗe, yana bin layin da yatsa, leɓensa na motsi. Ya karanta sunansa, ya karanta kwanan watan. Shekara shida yana kwana yana tashi da cewa shi ne bai iya ba.

Ya ɗago, hawaye na bin gemunsa.

"Yallaɓai," ya ce, "ashe sun ɗauke ni."